Katin Magani da Buhun Azumi

Shekarar da aka rufe masallatai, wadda yara suka zauna gida ba zuwa lakol karatu, manya kuma suka koyi gaisuwa daga nesa kamar masu gaba da juna, a shekarar ne Nomau ya cika shekara ashirin da bakwai yana tuƙa motar Kamfanin Balbela. Dogayen motoci ne farare, wasu su tashi daga Maradi su nufi Yamai, wasu su yi gabas su ratsa Agiye da Gazawa har Damagaram. Gidan Nomau a Agiye yake, bayan kasuwa, kuma makon da ya kwana biyu a cikinsa, to makon ya yi albarka.

Ba don albashi mutane ke kwaɗayin aikin Balbela ba. Albashin dai ga shi nan, ba ya kashe ka, ba ya raya ka. Abu biyu ne, waɗanda tsohon Alhajin da ya kafa kamfanin ya bar wa ma'aikatansa kafin ya koma ga Mahaliccinsa. Na farko katin magani, ɗan kore haka, bai cika tafin hannu ba. In kai ko matarka ko ɗanka ba lafiya, sai ka miƙa shi a farmasi a Maradi a ba ka magani, ba ka taɓa aljihu ba. Na biyu buhun azumi. Wannan kam shi ne abin kallo. Ana saura kwana uku a ga wata, motar kamfani da kanta za ta baro titi ta kutsa cikin unguwa tana hon, ta tsaya ƙofar gidan direba, a sauke buhun shinkafa da na sukari da jarkar mai. Mata su yi ta leƙe ta saman danga. Kafin la'asar uwar gida ta raba wa maƙwabta kwano-kwano, a yi ta sa albarka. Gidan da aka sauke wa buhun Balbela, ko ba a ce komai ba, an san akwai namiji a cikinsa.

Lubabatu, matar Nomau, ita ke wannan rabon a unguwarsu, ita da ko lasar sukarin ba ta yi. Shekara bakwai tana fama da ciwon suga, mai allura, safe da yamma. Ruwan allurar ba ya son zafi, Agiye kuwa kun san ta da bazara, wutar lantarki kuma sai ranar da ta ga dama. Sai ta samo dabara. Ta nemi ƴar tukunyar ƙasa ta binne cikin jiƙaƙƙen rairayi a gindin randa, nan ƴan kwalaben ke kwana cikin sanyi kamar ƙwai. Shi Nomau aikinsa ya miƙa kati ya kawo kwalabe. Yadda ake zuƙa, da zanen da ake tsayawa a jikin sirinji, da kwanakin da kwalba ɗaya ke yi, bai taɓa tsayawa ya duba ba. Mutumin da ke bisa hanya kwana biyar cikin bakwai, ina zai sani?

To sai korona ta zo. Da farko labarin rediyo ce, cutar mutanen nesa. Sai aka wayi gari an rufe Yamai, ba shiga ba fita. Hanyar Damagaram ma fasinja suka ɗauke ƙafa. Motocin Balbela suka jeru a gareji kamar masu zaman makoki, tantabaru na yi musu kashi a gilashi. Aka ce kowa ya koma gida da rabin albashi, sai an neme shi. Allah ya sa kafin a rufe hanya Nomau ya karɓo maganin wata biyu a haɗe.

Ita Lubabatu ƴar Sae Sabuwa ce, ɗiyar manoma, ta ga yunwa da idonta tun tana ƙarama. A gidansu akwai karatun da uwa ke ba ɗiya tun kafin a kai ta ɗaki: in kika ga rumbu ya fara yin ƙasa, ke za ki rage awo, ki ƙara wa fura ruwa, kuma kada maigida ya sani. Namijin da ya san rumbunsa ya kusa ƙarewa ba ya barci, wanda bai yi barci ba kuwa ba ya noma. Da wannan karatun ta riƙe gidan Nomau shekara talatin, ba wanda ya taɓa jin kansu. Ranar da ta ga mijinta ya dawo da jakarsa a tsakiyar mako, ya zauna gindin itacen bedi yana kallon ƙasa, sai ta shiga ɗaki ta dubi ƴan kwalabenta kamar yadda uwarta ke duban rumbu. Daga ranar ta rage awo. Inda malamar asibiti ta nuna mata ta tsaya, sai ta riƙa tsayawa a rabinsa. Ba ta gaya wa kowa ba.

Ana saura kwana goma azumi aka kira direbobi taro a Maradi. Raɗe-raɗi ya riga ya iso cewa za a taɓa katin. Da safe kafin ya fita, Nomau ya durƙusa gindin randa ya buɗe tukunyar. Kwalabe biyar, sun yi sanyi ƙalau.

"Luba, waɗanga za su kai mu ina?"

Tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Har babbar Salla, Malam, in da rai."

"Babbar Salla? Kin tabbata?"

"Kai ka san motarka, ni na san tukunyata. Na taɓa ce maka ga inda za ka taka birki?"

Ya yi dariya ya maida murfi. Kuma ba ƙarya ta yi masa ba, da awon da ta yanka wa kanta ta auna kwanakin.

A garejin Maradi aka yi taron, ƙarƙashin rumfar kwano, an jera bencuna nesa da juna, kowa da ƙyalle a hanci. Nomau na zama sai ga Rabo ya matso. Rabo taubashinsa ne, ɗan gwaggonsa, direban hanyar Damagaram, mai bakin da ba ya rufuwa ko a jana'iza.

"Bawana, takunkumin nan ya karɓe ka," in ji Rabo. "Ya rufe rabin munin. In korona ta wuce kada ka cire, a taimaki fasinja."

"Kai naka ai ba don cuta aka ɗaura ba, don warin baki ne. Matsa can, likita ya ce taku uku."

Suna cikin haka darakta ya shigo. Mas'ud ke nan, ɗan marigayi Alhaji, wanda ya yi karatu a waje ya dawo ya gaji kujerar. Mutum ne mai fara'a, ba ya wuce dattijo bai gaishe shi ba. Ya murza hannu da ruwan kwalba mai warin barasa, ya ce kamfani yana bakin rami. Ya ce shi da kansa da mataimakansa biyu sun yafe rabin albashinsu, don ba zai ci ya ƙoshi ba ma'aikatansa na kallo. Aka yi ta "Allah Shi saka". Sannan ya ce kamfani ba zai iya ɗaukar kaya biyu ba a bana. Ko kati, ko buhu. Mu gani zuwa wata uku, in ji shi. Kuma ba zai zaɓar musu ba, mahaifinsa bai koya masa danniya ba. Su zaɓa da bakinsu.

To direbobin Balbela suna da wata ƙa'ida da ba a rubuce take ba. Wanda ya fi kowa daɗewa a sitiyari shi ke fara magana, kuma abin da ya faɗa ba a tsallake shi. Rabinsu shi ya nuna musu ramukan hanya da shingayen jandarma. Don haka da darakta ya yi shiru, sai idanun maza arba'in da wani abu suka juyo kan Nomau daga saman ƙyallaye.

Allah sarki. Ba wanda bai san matarsa ke cin katin nan fiye da ta kowa ba. Sau nawa ya tsai da mota cike da fasinja ƙofar farmasi ya ruga ya dawo? In ya ce kati, ya san abin da za a faɗa a tashar shayi: tsoho ya hana ƴaƴan mutane shinkafar azumi don matarsa. Ya dubi Rabo, mai baki goma sha ɗaya a gida. Ya dubi sauran, waɗanda matansu suka riga suka yi wa maƙwabta alkawarin kwano. Ya tuna kwalabe biyar cikin sanyi. Wata uku ne kawai, babbar Salla kuwa ta wuce wata uku.

Ya miƙe ya gyara hula. "Ranka shi daɗe, cuta ta Allah ce, ba kullum take zuwa ba. Yunwa ko sau uku take sallama a wuni. A ba mu buhu."

Aka yi tafi. Darakta ya ce Baba Nomau ya yi maganar dattako, ya ce da mahaifinsa na raye da ya yi alfahari. Aka zagaya da takarda, mai sa hannu ya sa, mai dangwale ya dangwala.

A bakin ƙofa Rabo ya kamo hannun rigarsa, ba dariya a idonsa. "Kai bawana, kanka ɗaya kuwa? Ni na ɗauka kati za ka ce. Har na shirya zagin da zan yi maka a hanya. Amma da na bi ka. Da duk mun bi ka."

"Akwai magani har babbar Salla. Da idona na gani."

"To shi ke nan. Allah Shi sa mu ga alheri."

Buhu ya zo. Ba babbar mota ta kawo shi ba bana, wata ƴar akori-kura ce, ba hon ba komai, amma ya zo. Lubabatu ta raba kamar kullum, kwano-kwano, tana tsokanar matan unguwa. Aka ga wata. Kowace shekara malamar asibiti na hana ta azumi, kowace shekara takan ɗan saci kwana biyar ko shida. Bana ta ɗauka daga farko, don a ganinta wanda bai ci ba maganinsa kaɗan ne.

Yanzu Nomau yana gida dare da rana, abin da bai taɓa yi ba tun yana ango, kuma yana da ido. Ya ga in an sha ruwa takan kafa kai a moɗa kamar raƙumin da ya fito daga daji, ta sha ta ƙara, ba ta ƙoshi. Ya ga zanenta yana zagaye ta har ya yi saura. Ya ga tana laluben bakin ƙofa da hannu da rana tsaka. In ya yi magana ta ce zafi ne, bazarar bana ko jaki ta rame shi. Sai wata rana ya ga ta naɗe ƙafar hagu da tsumma.

"Mi ya samu ƙafar?"

"Garwashi na taka wajen murhu. Ban ma ji ba sai da na ji ƙauri. Na sa lalle da man kaɗe."

"Mu je asibiti a duba."

"Asibiti a wanga zamani? Ka shiga da ƙuna a ce maka korona ce, a kulle ka, in ka mutu ko wanka ba a bari a yi maka. Bar ni da lallena, Malam."

Ya bar ta. Shi ma tsoron asibitin yake ji, kowa na ji a lokacin.

Ranar sha tara ga azumi salularsa ta yi ƙara. Daga buro ne, ofishin kamfani. Direban darakta ba lafiya, ana son dattijo mai natsuwa ya kai darakta Cadakori ya dawo da shi. Nomau ya yi murna, ko ba komai hannunsa ya yi kewar sitiyari. Ya iske motar sabuwa ce, ledar kujeru ma ba a gama cirewa ba, sanyi a ciki kamar gindin randa. Darakta ya zauna baya, ya gaishe shi da Baba, ya tambayi iyali. Shanu za shi gani. Iyaka a rufe, ciyawa ta ƙare, makiyaya na sayar da bijimai a farashin tumaki, mai ido ya san lokacin saye ne.

Sun bar Tibiri kaɗan aka kira darakta a waya. Kun san manya in suna bayan mota, direba da kujera duk ɗaya ne a wurinsu. Ya yi ta magana da wani abokinsa, rabi Faransanci rabi Hausa, Nomau kuwa shekara ashirin da bakwai yana jin Faransancin fasinja, ba abin da ya wuce shi.

"Wallahi mun tsallake," in ji darakta yana dariya. "Masu hannun jari sun ji daɗi ƙwarai. Rabin albashin? Haba, ai ajiya ce. Ƙarshen shekara za a maido mana, ni da mataimakana, da tukuici a bisa, don mun ceci kamfani. Asirans ɗin nan, kuɗin da muke biya don katin magani, shi ke cin mu tun zamanin Baba. Buhu nawa yake? Ka ba mutum abin da zai ɗauka a ka, maƙwabta su gani, ya fi masa takardar da ke cikin aljihu. Kuma ka ji daɗin abin, ba ni na soke ba. Su suka zaɓa. Dattijon da ke tuƙa ni yanzu ma shi ya fara magana, mutumin kirki."

Nomau bai taɓa barin mota ta kauce hanya ba a rayuwarsa, ranar ma bai bari ba.

A Cadakori ya tsaya cikin rana yana kallon darakta na nuna bijimai da sanda, wannan da wannan da wancan mai farin goshi, makiyayan na kallon ƙasa. A hanyar dawowa ya daɗe yana juya maganar a baki kafin ya fitar.

"Ranka shi daɗe, katin nan. In wata ukun sun cika, a ina za mu karɓa?"

"Wane wata uku, Baba? Yarjejeniyar masu asirans shekara-shekara ce. Wanda ya fita sai sabuwar shekara, in ma an koma."

"A taro na ji kamar an ce wata uku."

"Na ce mu gani zuwa wata uku. To muna gani." Sai ya matso gaba, muryarsa da taushi. "Lafiya dai, Baba? Wani ne ba lafiya a gida?"

Ga ƙofa an buɗe masa. Amma mutumin da ya tsaya gaban maza arba'in ya ce cuta ba kullum take zuwa ba, da wane baki zai shiga ta? Nomau ya dubi titi.

"Lafiya lau, ranka shi daɗe."

Da suka iso Maradi darakta ya ba shi ƙunshin dabino na buɗa baki, mai kyau, na Makka.

Bai tsaya ko'ina ba. Ya hau motar Agiye, ya iso rana na shirin faɗuwa, ya wuce Lubabatu a tsakar gida ya shiga ɗaki ya durƙusa gindin randa. So yake ya ga ko kwalaben za su kai wani wuri, tunda yanzu sabuwar shekara ake magana. Ya buɗe. Uku cike, ta huɗu da saura. Ya zauna bisa dugadugansa. Wata guda ke nan tun ranar taro. Bai san zanen sirinji ba, amma ya san abin da hannunsa ke ɗaukowa daga farmasi shekara bakwai: uku duk wata. Uku duk wata. Kuma a ɗakin akwai wani wari da turaren wuta bai iya rufewa ba.

Ya fito. Tana zaune bisa tabarma ta miƙe ƙafar, tana dama kunu. Ya durƙusa ya kama tsumman. Ta janye, ya riƙe. Shekara talatin bai taɓa riƙe ta da ƙarfi ba sai ranar. Ya warware. Yatsu uku sun yi baƙi ƙirin kamar gawayi, baƙin ya hau bayan ƙafar, sama da shi kuma ja ne, ya kumbura har ƙwauri.

"Tun yaushe kika rage allurar?"

Ta ci gaba da juya ludayi. "Tun ranar da ka dawo da jaka."

"Don mi, Luba? Don mi ba ki faɗa mini ba? Na tambaye ki. Nan, gindin randar can, na tambaye ki!"

"Kada ka ɗaga murya, maƙwabta na ji. Da na faɗa maka, da mi za ka yi? Ka tsaya gaban maza ka ce a hana ƴaƴansu abinci don matarka?"

"Da na ce!"

Ta ajiye ludayin ta dube shi, idanunta sun yi hazo. "Da ba ka ce ba, Malam. Da ka ce buhu, ka dawo ka kasa barci. Na san mijina. Na ce gara ɗaya daga cikinmu ya yi barci."

Ladan ya kira salla daga masallacin unguwa. Ba wanda ya taɓa kunun.

Da sassafe Rabo ya aro motar wani ɗan kasuwa suka kai ta babban asibitin Maradi. Malama Ummuhani, wadda ta koya mata allura tun farko, ita ta warware ƙafar. Ta yi salati ta dafe kai.

"Haba Inna! Magani ai ba hatsi ba ne da za a yi tsimi da shi. Kin rage rabi, kwalbar kuma in an huda ta ta daɗe cikin zafin nan ƙarfinta tafiya yake. Ruwa kike ta tsira wa kanki. Kai kuma Baba, kana gida kana kallo?"

Nomau ya sunkuyar da kai.

Likita ya zo ya duba, ya danna nan ya danna can, ya kira Nomau gefe. Ya ce ƙafar ta mutu, kuma tana jan sauran jikin. A yanke ƙasa da gwiwa, yau, ko kuwa kafin Salla a yi jana'iza. Zazzaɓi ya fara ɗaukar hankalinta, yana zuwa yana dawowa, don haka sa hannun mijin ake so.

Ta ji. Marar lafiya kunnensa ya fi na kowa. Ta kira shi da hannu, ya sunkuya.

"Ka maida ni gida, Malam. Yadda Allah Ya kawo ni, haka nike so in koma Mashi. Kada ka bari a binne ni sau biyu. Ban taɓa roƙonka komai ba."

Gaskiya ta faɗa, ba ta taɓa ba. Ko zane.

Ya fita ya zauna bisa dakalin baranda, takardar a cinyarsa. Rabo ya zauna kusa da shi, ya manta da taku uku. Masu jinya na wucewa da kwanoni da butoci.

"Ka yi mini wasa mana," in ji Nomau. "Yau bakinka ya mutu?"

"Ba ni da shi, ɗan'uwa."

"In na sa hannu ba za ta yafe mini ba."

"In ba ka sa ba, wa zai yafe maka? Mai fushi da kai ai yana nan da ransa. Ka dawo daga hanya ka iske shi yana fushin."

Nomau ya karɓi biro ya rubuta sunansa, harafi bayan harafi, kamar yadda aka koya masa a yaƙi da jahilci. Aka shiga da ita bayan azahar tana kiran sunan uwarta.

Filin da ya saya bakin titi don ranar da zai ajiye tuƙi, shi ya tafi a aikin da jinyar. Direbobi suka yi karo-karo, kowa ya kawo abin da ya samu, wasu ba su iya haɗa ido da shi ba, shi ma bai iya ba. Daga buro aka aiko saƙo a salula, kamfani na yi wa iyalin Baba Nomau fatan samun sauƙi.

Ta farfaɗo. Ta ɗaga zane ta duba sau ɗaya, ta juya fuska ga bango. A asibiti suka yi ƙaramar Salla. Autarsu Hamdiya ta baro gidan mijinta a Gazawa da tsohon ciki ta zo jinya, da ita kaɗai Lubabatu ke magana. In Nomau ya shigo ya yi sannu, bango ke amsa masa. Aka buɗe Yamai, motoci suka tashi, aka kira shi ya koma hanya, albashin dai rabi, sai abin da hali ya yi. Yanzu in ya tsaya ƙofar farmasi aljihu yake taɓawa, kuma ya koyi zanen sirinji, duk ranar da yake gida shi ke zuƙa da hannunsa. Tana miƙa masa cinya ba ta dube shi ba.

Haka har aka sallame ta, har ta yi kwanaki a gida. Sai wata ranar Laraba da yamma gabas ta haɗe, aka zuba ruwa kamar da bakin ƙwarya, ƙasa ta sha ta ƙoshi. Da safe Nomau na alwala ya ji murya daga ɗaki, ta dishe don rashin amfani.

"An yi ruwan shuka."

Ya tsaya da buta a hannu. "An yi, Luba."

"Gayaunata ba za ta jira ka dawo daga Yamai ba."

Tana da ƴar gayauna a hanyar Gazawa, gadon wata gwaggonta. Duk shekara, komai tsananin aiki, Nomau kan saci wuni ɗaya na shuka. Shi ke gaba da sungumi yana sara, ita tana biye da ƙwaryar iri, ta jefa, ta rufe da ƙafa, ta jefa, ta rufe, tana yi masa tsiya wai layinsa ya karkace kamar hanyar Dakwaro. Ya aro amalanken jaki ya ɗauke ta ya ɗora, da sandunanta da ƙwaryar irin a cinya. Hamdiya ta so ta bi, cikin ya hana.

Ya ajiye ta inuwar gawo. Ya kama sungumi ya shiga sara, hagu, dama, ƙasar na ƙamshi. Jikinsa ya tuna aikin, har ya kai ƙarshen layi bai sani ba. Ya juya zai ce ta yi sauri. Ramuka ne kawai a bayansa, a buɗe, sun miƙe har gindin gawon.

Ya dawo ya karɓi ƙwaryar daga hannunta. Ya jefa iri a ramin farko, ya tura ƙasa da yatsun ƙafa, ta watse, tsabar ta fito fili.

"Da diddige," in ji ta. "Ka tura, ka danna. In ba ka danna ba tsuntsu ke ci."

Ya tura da diddige ya danna. Ya matsa rami na biyu. Rana ta ɗaga, a gonakin gefe mutane bibbiyu suna ta wuce shi, mai sara da mai rufewa. Shi sai ya sara layi, ya dawo ya bi shi da iri, tafiya biyu a aikin tafiya ɗaya. Da la'asar ko rabin gayaunar bai kai ba, gobe da asuba kuma motar Yamai na jiransa, sai bayan kwana biyar, lokacin da ƙasar ta bushe.

"Ya isa, Malam," ta ce. "Ɗauke ni. Abin da aka shuka shi ke nan."